Sha Bakwai Ɗin da Na Aika Gida

Sojan da ya tare motarmu bayan mun ƙetare iyaka daga Konni shi ne mutum na farko da ya taɓa yi mini Turancin Ingila ido da ido, kuma ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Na yi shekaru ina koyon harshen a lise, wato babbar sakandare, takardar bak ɗina ta gama sakandaren tana cikin jaka, amma abin da ya fito daga bakinsa bai yi kama da abin da muke maimaitawa a aji ba. Da ya gaji sai ya juya Hausa.

"Buɗe jakar nan, ɗan Faranshi."

Na buɗe. 'Yan tufafi ne, da cukun da Inna ta naɗe mini a tsumma, sai littattafan soyayya da suka cinye rabin jakar. Ya ɗaga ɗaya, ya dubi hoton yarinyar da ke bangon, ya dube ni.

"Karatu za ka, ko neman aure?"

Duk motar aka yi dariya. Ni ma na yi, don a lokacin ban ga wani babban bambanci tsakanin biyun ba.

Littattafan nan su suka koya mini karanta Hausa. 'Yan kasuwa ke shigo da su garinmu Filinge, akwai mai rumfa a bakin kasuwa da ke ba da su haya, ni kuwa na zama kamar ɗan gidansa. A cikinsu duk saurayin kirki ɗan jami'a ne. Yana da mota, yana karanta lauya, wata rana yana tafe a ƙarƙashin itatuwa sai ya yi karo da yarinya, littattafanta su zube, su duƙa tare. Ban taɓa karanta inda ɗayansu ya zauna jarrabawa ya rasa abin rubutawa ba. Ban kuma taɓa lura da cewa ban karanta ba.

Zamanin soja ne, a can da nan. A Yamai karatu ya tsaya, yau yajin malamai, gobe na ɗalibai, shekara ta wuce ba a yi jarrabawa ba. Shi ya sa na dage sai Najeriya. Wata jami'a a arewa, wadda ba zan faɗi sunanta ba, ta yarda ta ɗauke ni a ajin share fage: shekara guda, in ka ci ka shiga jami'a sosai, in ka faɗi ka san inda ka nufa.

Babana, Mushe Gado (Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu), tsohon direktan lakwal ne, wato shugaban makarantar firamare. Ya koyar a Sanam, ya koyar a Bonkuku, ya yi ritaya a Filinge, kuma duk inda ya zauna an san shi da rowar maki. A wajenmu bisa ashirin ake ba da maki. Goma shi ne tsira. Mai sha biyu yana tafiya yana buɗa kafaɗa. Mai sha huɗu a yanka masa zabo. Abin da ya haura sha shida kuwa, Baba yakan ce na malamin ne da kansa. Bai so tafiyata ba. Da ya yarda, sharaɗi ɗaya ya gindaya mini.

"Shekara guda, Shaibu. In ka shiga, ka shiga. In ba ka shiga ba, ka komo gida. Gona tana nan, ba ta yajin aiki."

A tashar garin da jami'ar take, wani mai farin kaftani da alƙalami a aljihu ya karɓi jakata tun kafin in sauke ƙafa ta biyu. Ya ce kakarsa 'yar Maradi ce, saboda haka ni ɗan'uwansa ne. Ya ce gadon kwanan ɗalibai ya ƙare, amma shi ya san wanda ke rabawa. Na ba shi abin da ya nema, ya kai ni har cikin makaranta, ya zaunar da ni a kan benci a gaban wata ƙofa, ya ce kada in motsa. Ban motsa ba. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Can sai ga wata mata ta zo da mabuɗi ta buɗe ƙofar, ta fito da tsintsiya da bokiti. Ɗakin ajiyar kayan shara ne.

A kan bencin nan Danladi ya same ni. Ɗan aji biyu ne, Kirista, daga wajen Bauchi, siriri mai yawan dariya. Ya ji labarina bai yi dariyar ba.

"Mai farin kaftani? Bara kakarsa 'yar Kamaru ce. Taso mu je."

Ɗakinsu na mutum huɗu ne, amma da dare sai ka tsallake mutane kafin ka kai ƙofa. Aka ba ni tsakanin gado da gado, na shimfiɗa tabarma. Da asuba layin ruwa, da rana layin abinci, in abin ya gagara a jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Itatuwan da na zo nema suna nan, amma shanya ce a jikinsu. Zauren karatu kuwa yakan cika tun kafin malami ya taho, irinmu da ba mu iya ture ba sai mu maƙale a taga. Daga tagar nan nake kallon bakin malami yana motsi, kalma ɗaya ta iso ni, goma su faɗi a hanya. Nakan rufe ido in ga duwatsun da ke bakin dallol, babban kwarin garinmu, sun yi ja da yamma, in ji ƙanshin kopto, kwaɗon ganyen da Inna ke yi, in buɗe ido in tarar an goge allo.

Ko Hausar ma ba ta tsirar da ni ba. Na yi niyyar yin irin ta littafi, mai laushi, amma da an ɗan firgita ni sai ta gida ta kuɓuce. Na taɓa cewa "mi kac ce?" a layin ruwa, aka yi kwanaki ana gaishe ni da ita.

A zauren nan na ga Murja. Tana da tabarau da mayafi ruwan ƙasa, kullum tana layin gaba, tana rubutu ba ta ɗaga kai. Tun ranar farko na gane ta, wato na yanke cewa ita ce. Na tsara mana komai: yadda iyayenta za su ƙi ni don ni baƙo ne, yadda za ta yi rashin lafiya, yadda za a aika a nemo ni. Na shirya jawabi na haddace, rannan na tare ta a bakin ƙofa.

"Ranki ya daɗe, tun ranar da idona ya sauka a kanki zuciyata ta daina zama tawa."

Ta dubi ƙasa. Na ce a raina kunya ce, haka suke yi.

"Malam, ka taka mini mayafi."

Na janye ƙafa, ta wuce. Ban karaya ba, don a littafi ma da faɗa ake farawa.

Gwajin farko na Turanci ne. Aka ce kowa ya rubuta bayanin garinsu. Nan na ga dama ta samu. Na rubuta Filinge kamar yadda ba a taɓa rubuta ta ba: wata a kan dallol, jajayen shanun Azawak suna komowa, 'yan mata a bakin rijiya. Duk inda kalmar Ingilishi ta ɓace mini, sai in ɗauko ta Faransanci in gyara mata wutsiya. Na cika shafi bayan shafi, har na nemi ƙarin takarda.

Ranar da malamin ya dawo da takardun, ya ajiye tulin a kan tebur, ya ce kowa ya karɓi tasa wajen shugaban aji. Guda ɗaya ya riƙe a hannu. Ya tambayi wane ne ɗan Nijar. Na sauko daga taga, aka buɗa mini hanya har gaba. Ya yi magana mai tsawo da sauri, yana kaɗa takardar. Abin da na iya tsinta kaɗan ne: na ji ya ce Faransanci, na ji ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, sannan na ji lambar. Ya miƙo mini. Ga ta nan da jan biro, an kewaye ta: sha bakwai.

Sha bakwai. Abin da Baba bai taɓa ba ɗan kowa ba.

 Na rusuna, na dafa ƙirji, na juya na dubi layin gaba inda Murja take. Malamin ya tambaye ni, a hankali wannan karon, ko na ji daɗi. Na ce masa na ji daɗi ƙwarai, na gode, kuma zan ƙara ƙoƙari in samu sha takwas.

Zauren ya fashe. Har da masu buga benci. Na ɗauka murna ake taya ni, na ɗaga musu hannu.

Ban tsaya sauran darasin ba. Na san a kara, kasuwar shanu ta bayan gari, akwai mutanenmu, kuma na san Baba Arzika, wani falke ɗan unguwarmu da ke kawo shanu, ya gama ciniki yana shirin komawa. Na same shi a rumfa yana shan fura.

"Ɗan Mushe, ƙaƙa karatun? Ka rame."

"Baba, in ka isa ka gaya wa babana an yi gwajin farko. Na samu sha bakwai."

"Sha bakwai na mi?"

"Kai dai ka ce masa sha bakwai. Da Faransanci, disset. Shi ya sani."

Ya maimaita kalmar har ta zauna masa, ya ba ni sauran furar, ya ce Allah shi ƙara. Kafin gari ya waye motarsu ta kama hanya.

Da safe na shiga zaure ina jin kaina kamar sabon ango. Tun daga ƙofa ake kira, "Sebentin, Sebentin," ina amsawa. Murja ce ta taso daga wurinta ta same ni a bakin taga. Karon farko ke nan da ta nufo ni da kanta.

"Malam Shaibu, a garinku bisa nawa ake ba da maki?"

"Bisa ashirin."

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Na yi zaton haka. Nan bisa ɗari ne. Arba'in ake ci. Duk ajin nan babu wanda ya kai ka ƙasa."

Ta nuna mini tata takardar. Sittin da wani abu.

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina a bayan ɗakin kwana, wajen da ake zubar da shara, ina tuna rusunawar da na yi, da hannun da na ɗaga, da sha takwas ɗin da na yi alkawari. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne motar shanun da ke can tana cin hanya, da kalma ɗaya a bakin Baba Arzika.

Na yi kwanaki ban shiga aji ba. Danladi ne ya fizge zanen da na rufa da shi.

"Tashi, Sebentin."

"Har da kai?"

"Har da ni. Sunan ya riga ya kama, gara ka saba da shi a bakin masoyi. Daga yau ba Hausa a ɗakin nan tsakanina da kai. In kana son gishiri ka roƙa da Turanci, in ba haka ba ka ci lami."

Na ci lami sau da yawa.

Da na koma aji, Murja ta miƙo mini wani ɗan littafi mai hotuna, bangonsa duk maiƙo.

"Ka fara da wannan. Na ɗana ne, yana aji uku a firamare. Kada ka yaga, zai tambaya."

"Ɗanki?"

"Na fari. Wanda ke sauke ni a babur kullum babansa ne, ko kana zaton direbana ne?" Ta ɗan yi murmushi. "Kuma don Allah ka daina yi wa mutane magana kamar ana karanta ka. Hausarku ta gida ta fi daɗi."

Na karɓi littafin da hannu biyu. Na ɓoye shi a cikin bangon wani babban littafi, ina karanta labarin akuya da kare a ƙarƙashin itatuwan nan masu shanya. Jakar littattafan soyayya kuwa ta koma matashin kai.

Bayan wata biyu ko uku Baba Arzika ya sake kawo shanu, ya aiko a kira ni. Na tafi da niyyar in ba shi saƙon gyara. Ban kai ga buɗe baki ba ya rungume ni.

"Disset na Mushe. Kai, yaro, ka ga tsohonka kuwa? Ran da nag gaya mashi, sai da yas sa na maimaita. Yac ce a ƙasar Ingilishi, cikin harshen da ba naka ba. Ya yi sadakar masa a masallaci. Yanzu ko'ina cikin gari ba a kiranka Shaibu."

Ya ciro ƙunshin kilishi da wani alƙalami mai ruwan azurfa. Na san alƙalamin. Shi aka ba Baba ranar da ya yi ritaya, ko taɓawa ba a bari mu yi.

"Wane saƙo zan kai wannan karon?"

"Ka ce ina gaishe su."

Haka na zama mai suna ɗaya a ƙasa biyu. A nan in an kira shi sai a yi dariya, a can in an kira shi sai a ce Allah shi ba mu irinsa.

Na yi karatu a sauran shekarar nan kamar yadda ban taɓa yi ba. Na koyi ture, na bar taga. Na daina gyara wa Faransanci wutsiya, in ban san kalma ba sai in nemi wata hanyar faɗa. Malamin nan ma ya daina kaɗa takardata. Da sakamakon ƙarshe ya fito, na haye sauran darussan da ƙyar, amma Turanci ya rage mini kaɗan in kai arba'in. Ba a shiga jami'a ba tare da shi ba. Aka ce ana iya ba ni damar maimaita shekarar sau ɗaya. Na san zan iya a karo na biyu, na ji haka a jikina. Amma shekarar ba a hannuna take ba, tana hannun mutumin da ya yi sadakar masa.

Na komo gida da damina, ta Dogon Dutsi da Balayara. Ana ta zancen soja za su miƙa mulki, amma shingayen hanya suna nan yadda na bar su. Tun a tashar Filinge masu ɗaukar kaya suka fara: "Disset ya zaka." Inna ta dafa abin da ba a dafawa sai da salla. Baba kuwa ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, abin da bai taɓa yi ba.

Washegari muka tafi gona. Hatsi ya fara fitar da kai. Yana gaba yana duba layi, ina biye, har muka kai gindin gawo.

"Baba, ban shiga ba."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Turanci ya kayar da ni. Sun ce in maimaita shekarar in kun yarda."

"Turanci? Wanda kas samu sha bakwai?"

"Bisa ɗari ne, Baba. Can bisa ɗari suke bayarwa. Ran da na aiko ban sani ba. Da na sani kuma na kasa aikowa."

Ya juyo ya dube ni. Na ga leɓɓansa suna motsi, na san lissafi yake yi.

"Uku ke nan da ɗan burbushi."

"E."

"Na ƙarshe fa?"

Na gaya masa. Ya sake motsa leɓe.

"Bakwai da rabi." Ya karya wani busasshen ganye ya jefar. "Wa ya sani a garin nan?"

"Ba kowa. Ba sai an sani ba, Baba. Ana iya cewa tsarin karatun ne shekara biyu."

Kallon da ya yi mini ya fi dariyar zauren nan zafi. Bai taɓo zancen maimaitawar ba. Muka gama zagaya gonar, muka komo gida.

Bayan la'asar ya leƙo ɗakina ya ce in ɗauko kujerarsa. Akwai itacen dogon yaro a gaban shagon wani tela, Hamani, Bazabarme abokinsa tun suna samari, nan tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa ke zama. Baba Arzika ma yana nan. Da suka hango mu aka fara gyara zama, ana cewa ga Disset, a ba shi wuri a tabarma. Ban zauna ba. Baba ya zauna, ya jira aka gama gaisuwa.

"Akwai gyara ga maganar da nag gaya maku bara. Sha bakwai ɗin nan bisa ɗari ne, ba bisa ashirin ba. Yaron bai ci ba."

Keken ɗinkin Hamani ya tsaya.

"Kuma kuskuren nawa ne. Na ƙare ƙuruciyata ina bugun hannun ɗiyanku don sun rubuta lamba ba su faɗi bisa nawa ba. Ga shi an kawo mani lamba tsirara, don ta yi mani daɗi ban tambaya ba."

Baba Arzika ya dafe baki. "Ni dai abin da anka ba ni shi na kawo."

"Ka kawo shi daidai."

Hamani ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi Baba.

"Kala suru, Mushe, sai haƙuri. Amma masar mun riga mun cinye, ba mu maidowa."

Aka yi dariya, ba irin ta zaure ba, amma na gwammace ƙasa ta buɗe. Wani tsohon ma'aikacin gidan waya ya tambaya, to yanzu mi za a yi da shi, gona?

Baba bai dube ni ba. Su ya ba amsa.

"Daga uku ya kai bakwai da rabi, a inda ba mai jin yarensa. Komawa za shi yi."

Hira ta koma kan ruwan sama da farashin awaki. Ina tsaye a bayan kujerarsa, idona a ƙasa, sai a lokacin na lura da abin da ke jikinsa. Babbar rigarsa ce ta shadda, wadda ba ya fitarwa sai ranar idi. Ita ya sa don ya zo ya faɗi wannan magana, kuma gumi ya jiƙa ta tun daga wuya har tsakiyar baya.